Yadda Ake Sauya wa Furen Simbidiyam Tukunya da Kula da Shi a Yanayin Zariya

Tun lokacin da simbidiyam ɗin da ke ƙarƙashin mangwaron gidana a Samaru ya fitar da fure, masu sha'awar furanni suke ta yi mini tambaya iri ɗaya, wato yadda ake sauya masa tukunya ba tare da an kashe shi ba. Ta baya-bayan nan wata Hajiya ce daga Tudun Wada, wadda ta zo da nata a bayan mota, ganyensa duk ya yi laushi. Ta ce mini, "Malam, babu abin da ban yi masa ba, ƙasa mai kyau na sa masa har da takin gida, amma kullum baya yake yi." Da muka juye tukunyar sai na nuna mata saiwoyin da suka zama baƙaƙe, na ce, "Hajiya, ai ƙasar ce ta shaƙe shi."

Simbidiyam wani jinsi ne na furen okid, asalinsa daga duwatsun Himalaya da Indiya da Sin da ƙasashen da ke maƙwabtaka da su, inda yake tsirowa a jikin itatuwa ko cikin ruɓaɓɓen ganyen da ya taru a ƙasan daji. Saiwarsa mai kauri ce, kuma iska take buƙata kamar yadda take buƙatar ruwa. Duk matakan da ke tafe a kan wannan magana aka gina su.

1. Tabbatar da cewa lokacin sauyi ya yi

Simbidiyam yana son matsi, kuma ya fi yin fure idan saiwarsa ta cika tukunya, don haka ba a sauya masa mazauni kowace shekara. Bayan shekara 2 zuwa 3 ake yi, ko kuma idan an ga ɗaya daga cikin alamomin nan: kawunan da ke gindin ganye, masu kama da kan albasa, sun kai bakin tukunya har sabon toho ya rasa inda zai tsaya, saiwa ta tsaga tukunyar ko ta ɗago shukar sama, ruwan da aka zuba yana kwantawa a sama maimakon ya zarce, ko kuma haɗin da saiwa ke zaune a ciki a madadin ƙasa ya ruɓe ya koma kamar laka, yana wari mai tsami.

Gargaɗi: idan shukar tana ɗauke da karan fure, a bar ta har furen ya kaɗe. Taɓa saiwa a wannan lokaci yana sa 'ya'yan furen su zube tun ba su buɗe ba. Ruɓewar saiwa kaɗai ce ke sa a karya wannan ƙa'ida, domin a nan rayuwar shukar ake ceto, ba furen shekarar ba.

2. Zaɓen lokaci

Ƙa'idar da masu kiwon wannan fure suke bi a ƙasashen sanyi ita ce a sauya tukunya da zarar fure ya ƙare. A Zariya bin wannan ƙa'ida ido rufe yana iya jefa mutum cikin watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 35, iska kuma ta bushe ƙayau. Shukar da aka yanke wa saiwa ba za ta iya jan ruwan da ganyenta ke zubarwa a irin wannan yanayi ba, sai kawunanta su yamutse, sabon tohon ya tsaya cik.

A ganina lokacin da ya fi dacewa shi ne idan damina ta zauna, daga ƙarshen Mayu zuwa cikin Yuni, sa'ad da iska ta ɗauki laima, zafi ya karye, sabbin saiwoyi kuma suka fara leƙowa daga gindin toho da koren baki. Kada kuma a ja aikin har Agusta, domin ruwan wannan wata yana da yawa, rana tana ɓuya, kuma raunin da ke jikin saiwa ya fi saurin ruɓewa. A yi aikin da sassafe ko bayan la'asar, a cikin inuwa.

3. Tara kayan aiki

Ana buƙatar ɓawon kwakwa, gawayi, tsingaro ko fasasshen jan bulo, tukunya, almakashin lambu ko wuƙa mai kaifi, sababbin reza, sinadarin wanke farin kaya irin su Hypo ko Jik, garin kirfa ko farar wuta, baho babba, rariya, da ɗan sanda mai kaurin yatsa.

Game da kuɗi, yawancin kayan nan masu araha ne. Ɓawon kwakwa a wurin masu sayar da kwakwa ake samunsa, a kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru, kuma sau da yawa zubar da shi suke yi, sai dai a tabbata ɓawon waje mai zare-zare aka karɓo, ba ƙoƙon ciki mai tauri ba. Gawayi kuwa ƙananan gutsattsarin da ke saura a ƙasan buhu su ake so, waɗanda mai gawayi ke bayarwa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Inda kuɗi ke tafiya shi ne almakashi mai kyau, takin da ke narkewa a ruwa, da ragar inuwa ga wanda ba shi da bishiya a gida. Haɗin ɓawon itacen fayin da ake shigowa da shi daga waje yana da kyau ƙwarai, amma tsadarsa ba ta zama dole ba, tunda abin da muke da shi a gida yana yin aikin.

4. Shirya haɗin da saiwa za ta zauna a ciki

Wannan mataki kwana 3 kafin ranar dashe ake fara shi, kuma shi ne wanda mutane suka fi yi wa gaggawa. A sassara ɓawon kwakwar gutsi-gutsi, kowane gutsure kamar santimita 1 zuwa 2, wato kwatankwacin girman ƙwayar dabino. A jiƙa shi a baho, a riƙa zubar da ruwan ana sake sabo kowace safiya har kwana 3. Ruwan farko zai fito ja kamar shayi. Dalilin jiƙon shi ne ɓawon kwakwa yana ɗauke da gishiri, gishirin kuma yana ƙona bakin sabuwar saiwa, ga shi busasshen ɓawo ba ya karɓar ruwa da wuri idan ba a jiƙa shi ba.

A farfasa gawayin zuwa irin wannan girma, a tankaɗe shi da rariya don garin ya fita, sannan a ɗauraye. Haka za a yi wa jan bulon ko tsingaron. Sai a auna da gwangwani ɗaya: kashi 3 na ɓawon kwakwa, kashi 1 na gawayi, kashi 1 na bulo. Ɓawon yana riƙe laima, gawayi da bulo kuma suna buɗe wa iska hanya, ba sa ruɓewa. Wanda tukwanensa za su sha ruwan damina kai tsaye, ba rumfa a kansu, ya ƙara gawayin ya zama kashi 2.

Akwai gwaji mai sauƙi: a cika tukunya da haɗin, a zuba kofin ruwa, idan bai fara fita ta ƙasa nan take ba, to akwai gari da yawa a ciki, sai a sake tankaɗewa.

Gargaɗi: kada a sa jar ƙasa, ko yashin rafi, ko kashin shanu, ko kashin kaji, ko garin katako daga wurin masu yankan katako. Kowanne daga cikinsu yana toshe iska ko ya ƙona saiwa. Kada kuma a yi amfani da gawayin da ya riga ya shiga murhu ya haɗu da toka, domin toka tana da kaifi irin na kanwa.

5. Zaɓen tukunya

Saiwar simbidiyam ƙasa take nutsawa, saboda haka tukunya mai zurfi ake nema, ba mai faɗi kamar kasko ba. Faɗinta ya zama daidai yadda za a bar tazarar yatsu 2 zuwa 3, kimanin santimita 5, tsakanin sabon toho da bakin tukunya, abin da zai ishe shi girman shekara biyu. Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauki ƙaramar shuka a sa a babbar tukunya da nufin a ba ta sarari. Haɗin da saiwa ba ta kai gare shi ba yana zama a jiƙe kwana da kwanaki, daga nan ruɓa ke farawa.

Ni na fi son tukunyar ƙasa, saboda dalilin da ya sa ruwan randa ke yin sanyi, wato jikinta yana tsattsafo, iska na busawa, saiwa na samun sanyi a lokacin bazara. Aibinta shi ne tana saurin bushewa a hunturu, kuma saiwa tana manne mata. Idan za a ba maginin tukwane aiki, a roƙe shi ya huda ƙasanta huda 4 ko 5 masu faɗin yatsa tun tana ɗanya. Tsohon bokitin fenti ma yana yi, idan an wanke shi sosai an huhhuda ƙasansa da gefensa na ƙasa da ƙusa mai zafi. Baƙar roba kuwa tana ɗaukar zafi idan rana ta doke ta, sai a zura ta cikin tukunyar ƙasa ko a naɗe ta da buhun algarara.

Tsohuwar tukunyar da wata shuka ta taɓa zama a ciki sai an wanke ta, an jiƙa ta cikin ruwan Hypo, kashi 1 cikin kashi 9 na ruwa, na minti 15, sannan a ɗauraye ta a shanya.

6. Fitar da shuka daga tsohuwar tukunya

A shayar da shukar sosai tun daren jajibirin ranar dashe, domin jiƙaƙƙiyar saiwa tana lanƙwasawa, busasshiya kuwa karyewa take yi. A kwantar da tukunyar a gefenta, a bubbuga jikinta, a zagaya da wuƙa ta cikin baki, sannan a kama tsofaffin kawuna a ja a hankali. Kada a kama sabon toho, domin yana ɓallewa cikin sauƙi, kuma shi ne zai ba da furen gaba. Idan ta ƙi fita, a fasa tukunyar ko a tsaga robar. Na taɓa jin tausayin wata tukunya mai kyau na dage da ja, sai toho biyu suka biyo hannuna, na rasa furen shekara guda saboda abin da kuɗinsa bai kai na buhun gawayi ba.

7. Wankewa da datse saiwa

Abin da zai fito yawanci dunƙule ne mai siffar tukunyar, saiwa ta naɗe kanta tam. A sa yatsu daga ƙasa a riƙa warwarewa, ana kaɗe tsohon haɗin, sannan a wanke da ruwa har a ga saiwoyin sarai. Idan dunƙulen ya yi tauri ƙwarai, a yanke kashi ɗaya cikin uku na ƙasansa da wuƙa, daga nan warwarewar za ta yi sauƙi. Shuka mai lafiya tana jure wannan yanka.

Bambance rayayyiyar saiwa da matacciya da hannu ake yi, ba da ido kaɗai ba, domin ɓawon kwakwa yana rina saiwa mai rai ta yi ruwan ƙasa. A matsa ta tsakanin yatsu biyu. Mai rai tana da tauri da cika. Matacciya kuwa tana lotsewa, ɓawonta ya zame ya bar wani siririn zare a tsakiya. Duk irin wannan a yanke ta daga tushe. Saiwoyi masu rai da suka yi tsawo a rage su zuwa santimita 10 ko 15, yadda za su shiga tukunya ba tare da an tanƙwara su ba. A ɓare busassun ɓawon ganye da ke lulluɓe da tsofaffin kawuna, domin a nan ƙwari ke ɓuya, amma a lura da ƙananan idanun toho da ke gindin kai, kada farce ya kankare su.

Gargaɗi mai muhimmanci: wannan fure yana kamuwa da cututtukan bairos waɗanda ba su da magani, kuma ta bakin wuƙa da almakashi suke bi daga shuka zuwa shuka. Kafin a taɓa kowace shuka a gasa bakin almakashin a wuta har ya yi zafi sosai a bar shi ya huce, ko a jiƙa shi cikin ruwan Hypo ɗin nan na minti 10. Mafi sauƙi shi ne reza guda ga shuka guda, a jefar bayan an gama. A wanke hannu da sabulu kafin a koma kan ta gaba.

8. Rabawa, ga wanda yake so

Ba dole ne a raba ba. Babbar shuka guda ta fi ba da karan fure da yawa, kuma idan tukunyar da za ta ɗauke ta tana nan, a mayar da ita ɗungurungum. Idan kuwa ta yi girman da ba ta ɗaukuwa, ko tsakiyarta ta cika da kawunan da ba su da ganye, sai a raba.

Kowane kaso ya kasance yana da aƙalla kawuna 3 masu ganye, 4 ko 5 sun fi, tare da sabon toho, a kuma bar masa tsohon kai guda ɗaya marar ganye a matsayin rumbun abinci. A nemi inda shukar ta rabu da kanta, a riƙe ɓangarorin biyu a murɗa a hankali, idan ta ƙi sai a sa wuƙa a yanke guntun jijiyar da ta haɗa kai da kai. A barbaɗa garin kirfa ko farar wuta a kan wurin yankan kawai, ba a kan saiwa ba, domin kirfa tana busar da ita. Sannan a ajiye kason a inuwa na awa 2 ko 3 don raunin ya sha iska.

Gargaɗi: son a samu tukwane da yawa, ko kunyar 'yan uwa da maƙwabta masu roƙon iri, yana sa mutum ya raba kai ɗaya-ɗaya. Irin wannan kaso yana rayuwa, amma sai ya shekara 2 ko 3 bai yi fure ba. Wanda ya roƙi iri a ba shi tsohon kai, bayaninsa yana mataki na ƙarshe.

9. Dasawa

A shimfiɗa tsingaro ko manyan gutsattsarin gawayi a ƙasan tukunya, kaurin yatsu biyu. A tara haɗin a tsakiya kamar ɗan tudu, a ɗora shukar a kai, a baza saiwoyin su sauka ta kowane gefe. Idan kaso ne da aka raba, tsohon kai ya jingina da bakin tukunya, sabon toho ya fuskanci tsakiya, domin ta nan shukar za ta ci gaba. Idan shukar tana da toho ta ko'ina, a sa ta a tsakiya.

A riƙe ta da hannu ɗaya, a riƙa zuba haɗin da ɗayan, ana bubbuga tukunyar a ƙasa ana tura haɗin da sanda tsakanin saiwoyi don kada a bar rami. Zurfin dashe shi ne abin lura: gindin kai ya nutse kamar santimita 1 zuwa 2, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na tsayinsa. Idan aka binne kai ruɓewa zai yi, idan kuma aka bar shi a sama sabuwar saiwa za ta bushe kafin ta kai ga laima. A bar tazarar yatsa biyu tsakanin saman haɗin da bakin tukunya. A danna gefe-gefe da babban yatsa har shukar ta tsaya da kanta. Idan tana rawa a kafa sanda a ɗaure ta, domin motsi yana goge bakin sabuwar saiwa ya hana ta kamawa. A rubuta wata da shekara a jikin tukunyar.

10. Makonni shida na farko

A kai tukunyar inuwa sosai, inda iska ke ratsawa amma ruwan sama ba ya dukanta, kamar ƙarƙashin baranda. Tunda haɗin a jiƙe yake, kada a shayar har kwana 5 zuwa 7, sai dai a fesa wa ganye ruwa da safe. Bayan nan a riƙa shayarwa kaɗan-kaɗan idan saman haɗin ya bushe. Ba a sa taki sai an ga sabuwar saiwa ta fara shiga haɗin, abin da kan ɗauki mako 4 zuwa 6. Idan tsohon ganye ɗaya ko biyu suka yi rawaya suka faɗi, ko kawuna suka ɗan yamutse, wannan ba abin tsoro ba ne, kuma ba dalilin ƙara ruwa ba ne. A nan ne masu tausayi suke kashe shukarsu.

11. Mazauni na dindindin

Simbidiyam ba furen falo ba ne. Yana son haske mai yawa, sai dai ranar Zariya ta tsakar rana tana ƙona ganyensa. Wurin da ya fi shi ne gabashin gida ko gefen inuwar bishiya, inda zai sha hantsi har wajen ƙarfe 10, sannan inuwa ta rufe shi. Wanda ba shi da bishiya ya kafa rumfa da ragar inuwa mai tare rabin haske, ko asabari mai ɗan faɗin ido, ya ninka shi biyu daga Maris zuwa Mayu. Ganyen ne zai faɗi gaskiya: kore mai haske da ya ɗan karkata zuwa rawaya shi ake so, kore mai duhu yana nufin inuwa ta yi yawa kuma fure zai yi wuya, tabo fari ko baƙi a inda ganye ya lanƙwasa kuwa ƙunar rana ce.

Gargaɗi: kada a ajiye tukunya a kan ƙasa. Gara tana son ɓawon kwakwa, tana shiga ta hudar ƙasa ta cinye haɗin ba a sani ba, ga kuma tsutsar ƙasa da dodon koɗi a damina. A ɗora tukwanen a kan benci mai ƙafar ƙarfe. A kuma nisanta su da bangon siminti na yamma, wanda ke riƙe zafi har tsakar dare, da kuma bakin awaki.

12. Ruwa da taki bisa lokutan shekara

Simbidiyam ya fi yawancin dangin okid son ruwa, don haka ba a barin haɗin ya bushe ƙarƙaf, ba a kuma barinsa cikin ruwa. A tura yatsa har gaɓa ta biyu, idan an ji sanyin laima a bari sai gobe. Idan za a shayar, a zuba har ruwa ya fita ta ƙasa sosai, da safe, kuma kada a bar faranti mai ruwa a ƙarƙashin tukunya. A damina sau da yawa ruwan sama ya isa, a Agusta ma gara a janye tukwanen ƙarƙashin rumfa idan an jera kwanaki ana ruwa. A hunturu tukunyar ƙasa kan nemi ruwa duk bayan kwana 2 ko 3. A bazara kusan kullum ne, tare da jiƙa ƙasan da ke kewaye da bencin da rana don iskar wurin ta yi sanyi.

Ruwan sama ya fi kowanne, kuma ya cancanci a tara shi a duro don rani. Idan ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin farin gari a bakin tukunya, bakin ganye kuma yana yin baƙi yana bushewa, gishiri ne ke taruwa, sai a riƙa wanke haɗin da ruwa mai yawa sau ɗaya a wata.

Taki kuwa, a nemi mai narkewa a ruwa, irin 20-20-20, a sa rabin cokalin shayi cikin lita 4 na ruwa, duk bayan mako biyu daga Yuni zuwa Satumba, bayan an riga an shayar da ruwa zalla. Daga Oktoba a rage zuwa sau ɗaya a wata, domin yawan takin da ke haɓaka ganye a wannan lokaci yana sa shuka ta ci gaba da fitar da toho maimakon fure.

Gargaɗi: takin zamani na gona, NPK 15-15-15 ko yuriya, kada a barbaɗa shi a tukunya kamar yadda ake yi wa masara. Babu ƙasar da za ta tare kaifinsa, kai tsaye kan saiwa yake sauka.

13. Sanyin hunturu da fitar fure

Manyan nau'o'in simbidiyam ba sa ɗaukar fure sai sun sami makonni na dare mai sanyi, kimanin digiri 10 zuwa 14, tare da rana mai haske. Wannan ne ya sa suka fi jin daɗin Jos. Zariya tana kan tudu mai tsayin fiye da mita 600, kuma a Disamba da Janairu darenmu yana sauka kusa da wannan sanyi, don haka damarmu ke nan, kuma gajeriya ce. Kada a shigar da tukwane ɗaki ko a lulluɓe su don tausayin sanyi. A bar su a waje, a kare su daga busasshiyar iskar arewa maso gabas da zana, a riƙa wanke ƙurar da ke kwanciya a ganye sau biyu a mako.

Karan fure yana fitowa daga gindin kai, mulmulalle mai kama da bakin harsashi, sabon toho kuwa yana da ɗan faɗi. Idan ya kai tsawon taƙi a kafa masa siririn sanda a ɗaure shi sako-sako, kada kuma a riƙa juya tukunyar, domin karan yana bin haske, zai karkace. Idan zafin Maris ya riski 'ya'yan furen ba su buɗe ba, a mayar da tukunyar wuri mafi sanyi a gidan, in ba haka ba za su yi rawaya su zube. Furen da ya buɗe yana iya kai mako 6 zuwa 8. Idan ya ƙare a yanke karan daga gindi da sabuwar reza.

Shawarata ga mai shirin saye ita ce ya nemi ƙananan nau'o'i masu jure zafi, waɗanda aka samo daga wani nau'in simbidiyam mai suna ensifoliyam, irin su Golden Elf mai rawayan fure da ƙamshi. Waɗannan ba sa jiran sanyi mai tsanani, kuma sun fi dacewa da mu nesa ba kusa ba.

14. Ƙwari da cuta

Babban abokin gaba a rani shi ne wani jan ƙwaro ɗan mitsitsi mai kama da gizo-gizo, wanda ke zama a bayan ganye yana tsotsa har bayan ganyen ya koma kamar an shafa masa azurfa. A goga farin ƙyalle a wurin, idan ya fito da jan tabo to shi ne. Busasshiyar iska yake so, don haka wanke bayan ganye da ruwa akai-akai yana rage shi ƙwarai. Idan ya yi yawa a fesa ruwan sabulu mai laushi da man dogon yaro da yamma, a maimaita duk mako har sau 3, domin ƙwansa ba ya mutuwa a feshi ɗaya. Ƙwarin da ke mannewa kamar ɓawo a gindin ganye a goge su da tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu.

Kan da ya yi baƙi ya yi laushi yana wari, a yanke shi nan take har a kai ga lafiyayyen nama, a barbaɗa farar wuta, a rage ruwa. Idan kuwa sababbin ganye suna fitowa da zane-zanen rawaya da baƙaƙen ɗigo da suka lotsa, kuma kowane sabon toho haka yake fitowa, alamar bairos ce. A ware wannan shuka daga sauran, kada a ba kowa irinta, kuma abin da ya fi shi ne a ƙone ta.

15. Tayar da tsofaffin kawuna

Kawunan da aka cire lokacin rabawa, muddin suna da tauri, ba shara ba ne. A ɓare busasshen ɓawonsu, a yanke matattun saiwoyinsu, a bar su su sha iska kwana 2. Sannan a tsayar da kowanne a ƙaramar tukunya mai ƙananan gutsattsarin ɓawon kwakwa, kashi ɗaya cikin uku a ciki, gindin yana ƙasa. A ajiye a inuwa, a riƙa ɗan jiƙawa don kada ya bushe. Toho kan fito daga gindi cikin wata 2 zuwa 3, wani kan ma ya fi haka jinkiri, don haka kada a zubar da shi muddin bai yi laushi ba. Idan tohon ya yi saiwarsa mai tsawon yatsa, a fara ba shi rabin takin da ake ba manya, a bar tsohon kan a jikinsa har ya shanye da kansa. Daga nan zuwa furen farko a sa ran shekara 3 ko 4, kuma a wannan tsakani sau ɗaya kawai zai buƙaci a ƙara masa girman tukunya.